Sikeli, Agogo da Tsoka: Yadda Ake Auna Ɗan Sahun Tsaro a Ƙwallon Amurka

Kowace shekara, a watan Afrilu ko Mayu, ƙungiyoyi 32 na babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, wato NFL, sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa daga cikin ɗaliban jami'o'i. Zaɓen zagaye 7 ne, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Kuɗin da ke cikin lamarin ba kaɗan ba ne. A 2014, wanda aka ɗauka na farko ya sa hannu a kwantiragin shekara 4 na kimanin dala miliyan 22, na 13 kuwa kimanin miliyan 10. Don haka kafin ranar zaɓe akan duba jikin kowane matashi yadda mai sayen doki ke duba haƙora da ƙafafu. Wannan dubawa darasi ce babba a ilimin halittar jiki.

Aikin da ake nema

Ƙwallon wannan wasa mai siffar ƙwai ce, kuma da hannu aka fi sarrafa ta. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Kafin a fara kowane hari, ƙarti biyar na masu hari sukan durƙusa a jere don su kare wanda zai jefa ƙwallo. A gabansu, fuska da fuska, masu tsaro uku ko huɗu kan durƙusa. Waɗannan su ne 'yan sahun tsaro. Aikinsu shi ne su toshe hanyar mai gudu da ƙwallo, ko su keta wannan katanga ta mutane, wadda kowane tubalinta kan kai kilo 140, su kayar da mai jefa ƙwallo kafin ta bar hannunsa. Mai jefawa yakan saki ƙwallo cikin sakan 3 ko ƙasa da haka, harin duka kuwa ba ya wuce sakan 5 ko 6.

Wannan gajeren lokaci shi ke nuna irin jikin da ake bukata. Tsoka ba ta motsi sai da sinadarin ATP, kuma abin da take ajiye da shi ba ya kai ta ko'ina. Idan aka yi yunƙuri mai tsanani, wani sinadari mai suna fosfokiriyatin ne ke sake cika ATP nan take ba tare da jiran iskar oksijin ba, shi ma cikin kimanin sakan 10 ya yi ƙasa sosai. A hutun da ke tsakanin hari da hari, wanda bai wuce sakan 40 ba, kimanin rabin abin da aka ƙone ne ke dawowa. Cikar sa sai an huta minti uku zuwa biyar. Shi ya sa masu horarwa ke yawan musanya 'yan sahun tsaro ana cikin wasa. Zaruruwan tsoka ma iri-iri ne: akwai masu jan aiki a hankali ba gajiya, irin na mai gudun fanfalaki, akwai kuma masu ƙanƙancewa da sauri da ƙarfi amma su gaji da wuri. Na biyun ake nema a nan.

Taron gwaji

Ba a yanko tsokar ɗan wasa a sa ta a madubin likita don a ƙirga zaruruwanta. Ana bi ta bayan gida ne. Tun 1987 ake tara 'yan wasa fiye da 300 a birnin Indianapolis, wajen ƙarshen Fabrairu, a auna tsawonsu da nauyinsu da tsawon hannu, sannan a sa su gudun yadi 40 (mita 36.6), da tsallen sama daga tsaye, da ɗaga ƙarfe mai kilo 102 daga ƙirji a kwance har sai hannu ya ƙi.

Kowane gwaji na da makantarsa. Ɗan sahun tsaro ba kasafai yake gudun yadi 40 a miƙe ba, don haka masu lura sun fi duba lokacin yadi 10 na farko. Ɗaga ƙarfe kuwa yana fifita mai gajeren hannu, domin aiki a kimiyyar fiziks shi ne ƙarfi sau nisa, kuma mai dogon hannu sai ya kai ƙarfen nesa a kowace ɗagawa. Amma a fili dogon hannun ake so, domin shi ke fara isa ƙirjin abokin karawa ya hana shi riƙo. Wato abin da ke rage wa mutum maki a ɗakin gwaji yana iya zama makaminsa ranar wasa. Vernon Gholston na Jami'ar Jihar Ohio ya ɗaga ƙarfen nan sau 37 a 2008, ƙungiyar New York Jets ta ɗauke shi na 6, ya yi kaka uku bai kayar da mai jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba.

Mutum biyu a shekarar 2014

Jadeveon Clowney na Jami'ar South Carolina yana da tsawon santimita 196 da nauyin kilo 121, kuma ya yi yadi 40 cikin sakan 4.53. Ido na ganinsa ya gamsu. Aaron Donald na Jami'ar Pittsburgh kuwa santimita 185 ne, kilo 129, hannunsa santimita 83. A gurbin da yake tsayawa, wato tsakiyar sahu, an saba ganin waɗanda suka fi shi tsawo suka kuma ba shi kilo 10 ko fiye. Duk da cewa a 2013 ya kwashe manyan lambobin yabo na masu tsaro a jami'o'i, maganar da ta yi ta yawo a kansa ita ce ya yi ƙanƙanta.

Ga lissafin da ɗalibi zai iya yi a bayan littafinsa. Donald ya yi yadi 40 cikin sakan 4.68, wato matsakaicin saurinsa mita 7.8 a sakan. Idan aka ninka da nauyinsa, ƙarfin tafiyarsa ya kai kusan 1,010. Na Clowney, mita 8.1 sau kilo 121, ya tsaya wajen 980. Lissafin ɗanye ne, tun da gurbinsu ba ɗaya ba ne, Clowney daga gefe yake kai hari, amma ya nuna cewa gajeren nan na tafe da abin da ya fi na dogon. Ya kuma ɗaga ƙarfe sau 35, Clowney sau 21.

Gajartar da aka ɗauka aibi ma tana da amfani. Duk wanda ya kalli kokawa ya san cewa wanda ya shiga ƙarƙashin abokinsa shi ke da rinjaye. Cibiyar nauyin gajere tana kusa da ƙasa, yana da wuyar turewa, kuma idan ya sa hannu a ƙirjin dogo ya tura sama, sai nauyin dogon ya ragu a kan ƙafafunsa, takunsa ya daina kama ƙasa. Akwai kuma wata ƙa'ida da Galileo ya bayyana tun 1638: ƙarfin tsoka na bin faɗin kaurinta, nauyin jiki kuwa na bin girmansa baki ɗaya, don haka idan jiki ya ƙaru nauyi ya fi ƙarfi saurin ƙaruwa. Ƙaton mutum ya fi ƙarfi a jimla, amma kowane kilo nasa ya fi wuyar tayarwa daga durƙushe.

Houston Texans ta ɗauki Clowney na farko, Rams ta ɗauki Donald na 13. Donald ya zama gwarzon mai tsaro na gasar a 2017 da 2018 da 2020, ya ci kofin Super Bowl a Fabrairun 2022, ya yi ritaya a Maris na 2024 bayan ya kayar da mai jefa ƙwallo sau 111 cikin kaka 10. Clowney ya zama ɗan wasa mai kyau, amma a kakarsa 10 ta farko bai taɓa kai 10 a kaka ɗaya ba. Alƙaluman Donald suna gaban kowa tun ranar gwaji. Ƙungiyoyi 12 suka wuce shi, kuma da wuya a ce sandar awon tsawo ba ta da hannu a ciki.

Abin da likita ke nema

Ɓangaren taron da ba a nunawa a talabijin, wato binciken likitoci, shi ne ƙungiyoyi da yawa suka fi ba muhimmanci. Ana ɗaukar hoton gaɓoɓi, a gwada jini, a duba zuciya. A 2013 an gano cewa ɗakin hagu na zuciyar Star Lotulelei na Jami'ar Utah yana fitar da kashi 44 cikin 100 kawai na jinin da ke cikinsa a kowace bugawa, alhali lafiyayyar zuciya kan fitar da 55 zuwa 70. An dakatar da shi daga gwaji. Da aka sake dubawa bayan 'yan makonni sai aka ga zuciyar ta daidaita, Carolina Panthers ta ɗauke shi na 14.

Gwiwa ta fi zuciya wuyar hasashe. Guringuntsin da ke rufe bakin ƙashi ba shi da jijiyoyin jini, saboda haka idan ya lalace ba ya warkewa kamar fata ko tsoka. Clowney ya ji rauni a gwiwar dama a wasansa na farko na ƙwararru, wasa 4 kawai ya buga a kakar, kuma a Disamban 2014 aka yi masa aikin da ake huda ƙananan ramuka a ƙashi domin jini da ɓargo su fito su haifar da sabon guringuntsi. Wanda ke tsirowa ta wannan hanya bai kai na asali santsi da juriya ba.