Karatun Bayoloji a Jami'a

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke shiga sashen bayoloji a jami'o'in Najeriya ba shi suka nema ba. Likitanci ko harhaɗa magunguna suka cike a fom ɗin JAMB, maki bai kai ba, aka turo su nan. Wasu sukan ƙare shekarar farko suna fafutukar sauya kwas, har ba sa lura da abin da ke gabansu.

Digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shigo ta jarrabawar UTME. Aji ɗaya yakan ba ɗalibi mamaki, domin kemistiri da fiziks da lissafi sun cinye rabin jadawalin. Akwai dalili. Numfashi, da narkar abinci, da yadda ganye ke haɗa sukari da hasken rana, duk aikin sinadarai ne. Wanda ya guje wa kemistiri a sakandare zai tarar da ita tana jiransa a bakin ƙofa.

Daga aji biyu ake shiga ainihin fannin: ƙwayar halitta, rabe-raben tsirrai da dabbobi, ƙwari, muhalli, da ilmin gado. A nan ɗalibi ke haɗuwa da Gregor Mendel, wanda ya buga sakamakon gwajinsa kan waken Turawa a 1866. Lissafinsa ne ke bayyana dalilin da ya sa idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. A kowane ciki fa, ba a kowane 'ya'ya huɗu ba, kuma nan ne iyaye da dama ke kuskure.

Abin da ya raba masanin bayoloji da likita ya fi fitowa fili a tsargiya. Likita yana ganin yaro mai fitsarin jini, ya ba shi maganin praziquantel, ya warke. Bayan 'yan watanni yaron ya dawo da ita. Masanin bayoloji kuwa ruwan yake bi. Ƙwan tsutsar da ke jawo cutar yana fita cikin fitsari, ya ƙyanƙyashe a kududdufi ko magudanar noman rani, ɗan tsutsar ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa mai suna Bulinus, ya hayayyafa a ciki, sannan ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. Tun 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira, amma har yau inda duk aka tare ruwa aka ja magudanai, katantanwar tana samun gida. Ɗalibin da ya shiga ruwa da dogon takalmin roba, ya kwaso katantanwa, ya sa ta a kwalba ƙarƙashin haske yana jiran tsutsotsin su fito, ya fahimci cutar fiye da wanda ya haddace sunayen Latin don jarrabawa. Haddar ce, abin takaici, ta fi yawa inda na'urar ganin ƙananan halittu ɗaya ke hannun ɗalibai goma.

Kafin aji na ƙarshe ana fita horon aiki na SIWES, sannan a rubuta firojet.

Bayan kammalawa, koyarwa ce ta fi ɗaukar mutane. Wasu sukan nufi cibiyoyin bincike, kamar ta aikin gona da ke Samaru a Zariya, inda aka daɗe ana fama da wuta-wutar da ke shanye dawa da masara, ko cibiyar binciken ƙudan tsando da sammore da ke Kaduna. Mai sha'awar ɗakin gwajin asibiti ya sani tun da wuri cewa wannan aiki yana da nasa digiri da lasisi dabam, kuma takardar bayoloji kaɗai ba ta ba da izinin yin sa.