Yadda Ake Ɗinka Rigar Rawa ta Shekarar 1860

A ƙasashen Ingila da Amurka akwai mutane masu sha'awar raya tarihi. Karanta labarin mutanen da a littafi kawai ba ya isar su. Sukan taru su sa irin tufafin da aka sa a wancan zamani, su ci irin abincinsu, su yi irin rawarsu, domin jama'a su gani da idanunsu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A garin Bath na Ingila ana yin biki kowace shekara don tunawa da marubuciya Jane Austen. A Gettysburg ta Amurka kuwa ana kwaikwayon zamanin yaƙin basasar ƙasar, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865. A irin waɗannan bukukuwa akan shirya daren rawa, inda mata ke fitowa cikin manyan riguna. A wannan darasi za ku koyi yadda ake ɗinka irin wannan riga.

Zaɓen shekara

Kafin maɗinkiya ta taɓa almakashi, sai ta amsa tambaya guda: rigar wace shekara zan ɗinka? Dalili kuwa shi ne, yayin tufafi yana sauyawa. A wajen 1810, rigar rawa siririya ce, kuma ɗamararta tana can sama, kusa da ƙirji. A wajen 1860, zamanin Sarauniya Biktoriya, siket ya buɗe ya yi faɗi kamar an kife babban kwando. Bayan shekara goma kuma sai faɗin ya koma baya. Saboda haka, wadda ta sa rigar 1810 ta je daren rawa na 1860 ta kuskure tarihi da shekara hamsin.

Bari mu ɗauki rigar 1860. Ina maɗinkiya za ta san kamanninta? Za ta duba tsofaffin hotuna, gama a lokacin an riga an fara ɗaukar hoto. Za ta duba zane-zanen da ke cikin mujallun mata na zamanin, kamar Godey's Lady's Book ta Amurka. Abin da ya fi duka shi ne ta ga rigunan da suka rage har yau. Akwai su a gidajen adana kayan tarihi, kamar Victoria and Albert da ke Landan. A can ne za ta ga yadda aka yanka yadi da yadda aka haɗa shi.

Daga ciki ake farawa

Mai gini ba ya fara gida daga rufi. Haka ita ma wannan riga, ba a fara ta daga waje. Siffarta tana fitowa ne daga tufafin da ke ƙarƙashinta.

Na farko shi ne shimi na farin auduga. Shi ne ke taɓa jiki, shi ne kuma ke shan gumi. Amfaninsa babba ne, domin ana iya wanke shimi kullum, amma siliki ba ya son ruwa. Na biyu shi ne koset, wato wata 'yar riga mai tauri da ake ɗaurewa da igiya ta baya. Tana daidaita jiki, tana kuma taimakawa wajen ɗaukar nauyin siket. Na uku shi ne kirinolin. Wannan wasu zobba ne na siririn ƙarfe, ƙarami a sama, babba a ƙasa, an haɗa su da tsirin ƙyalle. Idan kun taɓa ganin akurkin kaji, to kun gane siffarsa. Ya fara yaɗuwa a 1856. Kafin nan, mata sukan sa fatari da yawa, ɗaya a kan ɗaya, don siket ya buɗe, kuma nauyin yakan dame su. Na huɗu shi ne fatari, wanda ake sawa a kan kirinolin don kada shatar zobban ta fito a jikin rigar.

Sai an gama waɗannan duka, an sa su a jiki, sannan a yi awo. Idan aka auna mace ba ta sanye da koset da kirinolin, rigar ba za ta zauna daidai ba, kuma siket zai kasa tsawo.

Yadi da launi

Matan da ke da hali sukan yi rigar rawa da siliki. 'Yan mata kuma sukan sa yadi shara-shara mai launi mai haske, kamar fari ko ruwan hoda. A wancan lokaci babu nailan, babu foliyesta, domin sai a ƙarni na 20 aka ƙirƙiro su. Amma akwai sababbin launuka. A 1856 wani matashi Bature mai suna William Perkin ya gano rinin farko da aka haɗa a ɗakin binciken kimiyya. Launinsa shunayya ne, kuma mata sun so shi ƙwarai. Don haka rigar shunayya ta dace da 1860.

Rigar tana cin yadi da yawa, wajen yadi bakwai zuwa goma na irin faɗin yadin yau. Siliki kuwa yana da tsada. Shi ya sa maɗinkiya mai hankali takan fara ɗinka rigar gwaji da akoko ko wani yadi mai araha. Idan an yi kuskure a nan, asarar kaɗan ce. Bayan an gwada, an gyara, sai a warware rigar gwajin, a shimfiɗa ta a kan silikin, a yanka.

Ɗinkin siket

Rigar rawa ta 1860 kashi biyu ce: siket da rigar sama. Siket ya fi sauƙi, amma ya fi cin lokaci. Ana yanka yadi falle-falle, a haɗa su gefe da gefe, har faɗin bakin siket ya kai wajen mita huɗu. Dole ne ya fi kirinolin faɗi, don ya sauka a sake.

Yanzu ga matsala. Yaya za a shigar da yadi mai faɗin mita huɗu cikin ƙugu da bai kai mita ɗaya ba? Amsar ita ce tattara. Ana ninka yadin kaɗan-kaɗan, ninki a kan ninki, a kafe kowane ɗaya da allura, sannan a ɗinke su a jikin ɗamara. Wannan aiki yana son haƙuri. Idan ninkin wani gefe ya fi na wani yawa, siket zai karkace. A ƙarshe ana sa wa bakin siket shafi daga ciki, don ya yi nauyi, kuma kada ƙasa ta cinye shi.

Ɗinkin rigar sama

A nan ne ake gane gwanar ɗinki. Rigar sama ta rawa tana da faɗin wuya da gajerun hannuwa, kuma ƙasanta yana da tsini a gaba. Ana yi mata shafi da auduga mai ƙarfi. Ana kuma cusa 'yan sanduna masu lanƙwasuwa a cikin ɗinkin, don ta tsaya ba tare da ta yamutse ba. A bakin wuya ana yin ado da leshi ko furanni.

Ku lura da abu guda: ba a sa zif. A 1860 babu shi. Ana huda ƙananan ramuka a bayan rigar, a ɗaure bakin kowane rami da zare, sannan a zura igiya. Wannan ne ya sa mace ba ta iya sa rigar ita kaɗai, sai an taimaka mata.

To, da hannu za a yi ɗinkin ko da keke? Duka biyu sun halatta. Elias Howe ya yi rajistar kekensa na ɗinki a 1846, Isaac Singer kuma a 1851. Don haka ana iya yin dogayen ɗinki da keke. Amma kalmasa da ado da ramukan igiya, da hannu ake yin su. Aikin yakan ɗauki makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda ba a bin tarihi

Mai raya tarihi tana son gaskiya, amma akwai wuraren da dole ta kauce wa mutanen da. A wancan zamani akwai wani koren launi mai kyau da ake yi da guba mai suna asenik. Ya cutar da masu yin sa da masu sa shi. Yau ba mai amfani da shi. Sandunan cikin riga kuma, a da ana samun su ne daga bakin wata ƙatuwar dabbar teku da ake kira wel. Yau ana amfani da ƙarfe ko roba.

Babban haɗari shi ne wuta. A lokacin ana haska ɗakin rawa da kyandir ko fitilar gas, ana kuma hura wuta saboda sanyi. Faffaɗan siket yana iya taɓa wuta mai shi ba ta sani ba, kuma iskar da ke ƙarƙashinsa tana ƙara wa wutar ƙarfi. A 1871, a ƙasar Ayalan, wasu mata biyu, 'yan'uwan marubuci Oscar Wilde uba ɗaya, sun rasu bayan rigunansu sun kama da wuta a wajen rawa. Saboda haka mai sa irin wannan riga a yau takan nisanci wuta ƙwarai.

Akwai kuma wani abu da maɗinkiya ke koya wanda hoto ba ya nunawa. Bayan ta yi makonni tana ninki da kalmasa, takan tuna da matan da suka ɗinka rigunan asali. Yawancinsu talakawa ne, suna aiki dare da rana a kan kuɗi kaɗan, kuma ba su ne ke zuwa wajen rawar ba. Su ma suna cikin tarihin wannan riga.

Ma'anar kalmomi

Yayi: abin da mutane ke so a wani lokaci.
Shafi: ƙyallen da ake ɗinkawa a cikin riga.
Kalmasa: ninke bakin ƙyalle a ɗinke shi.
Akoko: yadin auduga mai araha.
Shara-shara: marar kauri, wanda ake ganin abu ta cikinsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa maɗinkiya ke zaɓen shekara kafin ta fara aiki?
2. Ku kawo tufafi huɗu da ake sawa a ƙarƙashin rigar.
3. Mene ne amfanin rigar gwaji?
4. Me ya sa ba a sa wa rigar zif?
5. Ku bayyana ma'anar karin maganar nan: ba a fafe gora ranar tafiya.
6. Ku tambayi wata tsohuwa a gidanku irin tufafin da aka sa a ranar bikinta. Ku rubuta jimloli biyar da Hausa a kan abin da ta faɗa muku.