Daga Mirriya zuwa Kano: hutun ɗalibi da zancen iyaka

Da zarar an rufe jami'ar Damagaram don babban hutu, ɗalibin Mirriya mai ɗan guzuri yakan nufi Kano. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba: Damagaram, Matamaye, Ɗan Barto, sai Kwangwalam da Daura, inda yakan tsaya ganin rijiyar Kusugu. Harshe ɗaya ne, sefa kawai ke komawa naira.

Amma hanyar ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyaka a 2019, ta sake rufewa bayan juyin mulkin 2023 har watan Maris 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga CEDEAO. Saboda haka uban da zai sallami ɗansa, ya fara duba masa takardu kafin kuɗin mota.