Cikin Zango ko Bayan Gari: Mas'alar Mai Kai Iyali Akra

Wannan bayani ne bisa wata mas'ala da ke damun fatake masu niyyar ɗaukar iyalinsu su koma Akra, babban birnin ƙasar Gana, wanda mutanen dā ke kira Ankara. Muddin mutum shi kaɗai ne, ko a zauren maigidansa ya shimfiɗa buzu ya kwana, ya wadatu. Amma ran da ya zo da mata da 'ya'ya ƙanana, sai tambaya ta tashi: cikin zango za a sauka, ko kuwa bayan gari, inda ɗaki ya fi araha, fili kuma ya fi yalwa?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a dubi yadda magabata suka yi. A farkon ƙarni na 20, da tsohon zangon tsakiyar Akra ya cika, Malam Bako ɗan Malam Neno, wanda asalinsu Katsina ne, ya nemi fili wurin sarakunan Ga, watau masu ƙasar, ya fita da jama'arsa yamma da gari. Nan ne Sabon Zango. Nima kuwa makiyaya ce ta shanu sa'ad da Malam Amadu Futa ya sami wurin a 1931. Haka Madina: a 1959 Alhaji Seidu Kardo ya kafa ta, shi da mutanen da aka tasa daga kusa da filin jirgin sama. Ashe kowane ɗaya daga wuraren nan da ake kira cikin gari yau, bayan gari ne a jiya. Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya fita shi kaɗai. Da liman suka fita, da malamin yara, da mahauci, da maƙwabta. Jama'a suka ɗauka tukuna, sa'an nan suka nemi fili.

To, amfanin zama cikin zango a bayyane yake. A Nima da Mamobi da Sabon Zango, Hausa ita ce harshen kasuwa da na ƙofar gida, har wanda ba Bahaushe ba da ita yake ciniki. Matar da aka kawo daga Kano ko Maraɗi ba ta kwana uku ba ta sami abokiyar hira ba. In haihuwa ta zo akwai tsofaffi, in zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare akwai mai rakiya. Asibitin Korle Bu yana kusa da Sabon Zango, na Mamobi da na soja suna kusa da Nima. Yaro da ƙafarsa yake zuwa makarantar allo, akwai kuma makarantun da ke haɗa Larabci da Turanci, waɗanda hukuma ta buɗe wa sashe na musamman tun 1987.

Amma fa zango yana da nasa aibi. Galibi ɗaki ɗaya ko biyu ake samu cikin gidan haya mai mutane da yawa, a wasu gidaje makewayi da wurin wanka ma na kuɗi ne, a waje. Wurin wasan yara shi ne lungu da bakin lambatu. Annobar amai da gudawa ta 2014 ta fi tsanani a unguwannin Akra masu cunkoso. Ranar 3 ga Yuni 2015 kuma ruwa ya ci tsakiyar birnin, wuta ta tashi a wani gidan mai inda mutane suka fake, fiye da mutum 150 suka rasu. Sa'an nan ga kuɗin haya: dokar 1963 ta hana karɓar fiye da na wata 6 a gaba, amma masu gidaje sun saba neman na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Falke ya sani, abin da ya shiga hannun mai gida ya fita daga jari.

Wannan ne ke sa idon mutane ya koma waje: Kasowa a hanyar yamma, wadda sunanta ma daga kalmar kasuwa ya fito, da Ashaiman kusa da tashar jiragen ruwa ta Tema, da Amasaman a hanyar Kumasi. Cikin waɗannan garuruwa akwai zanguna, ana kuwa jin Hausa. Sai dai arahar da baƙo ke ji ana faɗi ba a tsakiyarsu take ba, tana can sababbin unguwannin da ke bayansu. A can lalle yaro yana samun iska da tsakar gida, uwa tana da madafarta ita kaɗai. Amma araha ba ta ado. Tsakanin Kasowa da kasuwannin Akra kimanin mil 20 ne, cunkoson motoci kan mai da shi tafiyar sa'a biyu ko fiye. Uba ya fita kafin asuba ya kama motar haya da suke kira tirotiro, ya komo bayan lisha, 'ya'yansa sun yi barci. A wurare da yawa famfo bai kai ba, sai a sayi ruwan tanka. Da damina hanya takan yanke. Maƙwabta na iya zama mutanen kirki, amma in uwa ba ta jin harshensu, wuni take ba mai ce mata sannu. Yaron da ya tashi haka yakan rasa Hausa, ya rasa malami, ya kuma rasa ganin ubansa.

Sayen fili kuma yana da haɗari. Sananne ne a kewayen Akra akan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, har a ɗauki 'yan tauri su tsare shi, shari'a ta yi shekaru. Ita kasuwa ma ba a dasa ta da saiwa ba. A watan Yuli 2021 hukuma ta tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie, cikinsu da mutanen Nijar da yawa, ta mai da su Adjen Kotoku, can bayan Amasaman. Wanda ya kama gida don kusancin tsohuwar kasuwa ya wayi gari shi ne na nesa. Tsofaffi kuma ba su manta da 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fita, masu gine-gine suka sayar a wulaƙance. Saboda haka takardun zama da na haihuwar yara su riga tubali.

Abin da ya fi dacewa ga mai ƙananan yara shi ne ya fara sauka cikin jama'a, kusa da maigidan da ya amince da shi, ko da ɗakin ya matse. Ya yi shekara guda, iyali su san gari. Unguwar da ransa ke so a waje kuwa, ya je ya gan ta cikin watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, gama gani ya kori ji. Ya auna abu huɗu: inda za a ɗebi ruwa, makarantar da yaro zai iya kaiwa da ƙafa, asibitin da za a iya isa da dare, da sa'o'in da shi kansa zai ɓatar bisa hanya. In huɗun nan sun yi daidai, ya nemi gida biyu ko uku na abokan arziki su fita tare, yadda su Malam Bako suka yi.

Larabawa sun ce a nemi maƙwabci kafin gida. Babba yana iya jure kaɗaici saboda riba, amma yaro bai san riba ba, mutane ya sani. Allah ya sa a sauka lafiya, ya raya zuriya, amin.