Takardar Izinin Komawa Amurka da Nauyin Gonar Gado a Ƙauyukan Arewacin Kano

Karkarar da ta kewaye birnin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, tana cikin yankunan noma mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kamar yadda binciken Michael Mortimore ya nuna tun shekarun 1960. Gona a wannan yanki ba ta hutawa. Kowace shekara ana zuba mata taki, a shuka gero da dawa da gyaɗa da wake, rabon gado kuma yana ƙara tsaga ta. Saboda haka ɗan gidan da ya yi nisa da gona yakan bar ta a hannun 'yan'uwa ta hanyar aro ko haya ko jingina, kuma rigima kan iyaka ko gado takan tilasta masa dawowa.

Manomin yankin ya saba da cin rani, inda yake fita bayan kaka ya dawo kafin shuka, gida kuma yana nan a matsayin gida. Wanda ya sami katin zaman dindindin na Amurka, wato girin-kad, ya shiga tsarin da ya juya wannan lissafi, domin a idon dokar ƙasar Amurka ce gidansa, Kano kuwa wurin ziyara ce. Tun da aka cire Nijeriya daga cacar biza ta shekarar 2015, masu samun katin sukan bi hanyar aure ko dangi ko aiki.

Wa'adi biyu ne suke da muhimmanci. Wanda ya wuce kwana 180 a waje, jami'an shige da fice suna iya bincikar ko ya yi watsi da zamansa. Wanda ya cika shekara guda kuwa, katinsa kaɗai ba zai mayar da shi ba. Wata shida ba wani abu ba ne a lissafin karkara. Idan uba ya rasu, takabar uwa kaɗai wata huɗu ce da kwana goma, ga rabon gado da kan kai ga kotun shari'a, ga damina daga Yuni zuwa girbin dawa a Nuwamba.

Maganin wannan shi ne takardar izinin komawa, wadda ake nema da fom I-131 a hukumar USCIS. Sharaɗi na farko shi ne mai nema ya kasance a cikin Amurka lokacin da ya miƙa fom ɗin. Ba a nema daga Bichi ko Abuja. Hukumar tana ba da shawarar a miƙa aƙalla kwana 60 kafin tafiya, domin za a kira mutum a ɗauki hoton yatsunsa. Bayan haka yana iya tafiya, ya nemi a aika masa takardar ta ofishin jakadancin Amurka. Takardar tana aiki har shekara 2, kuma ba a tsawaita ta, sai dai a koma a nemi sabuwa. Wanda katinsa na sharaɗi ne, kamar sabon aure, takardarsa ba ta wuce wa'adin katin.

Sai dai takardar hujja ce kawai cewa tafiyar ta wucin gadi ce, ba ta ba da tabbacin shiga. Ana duba ko mutum yana biyan haraji a matsayin mazauni, yana da adireshi da asusun banki a can. Haka kuma rashin shekara guda yana katse lissafin zaman da ake buƙata kafin neman zama ɗan ƙasa, ko da takardar tana hannu. Wanda ya wuce wa'adi sai ya nemi bizar SB-1, ya tabbatar cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya tsare shi.

Don haka sabon mai katin da yake da iyaye tsofaffi ko gonar da ba a raba ba, ya fi masa ya nemi takardar tun kafin kiran gida ya zo, ya kuma naɗa wakili a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta sharuɗɗan aro ko haya.