Babi na Tara: Ruwa Biyu a Cikin Boila Ɗaya

Gidaje da yawa a Birtaniya ba su da tankin ruwan zafi. Abin da suke da shi wani farin akwati ne maƙale a bangon kicin, wanda ake kira boilar kombi. Ita ke ƙona gas ta ɗumama ɗakuna, ita kuma ke ba da ruwan wanka nan take da zarar an murɗa famfo. Ɗalibinmu da ya sauka Landan ko Manchesta ba ya ko kallonta, sai ranar da mai aikin famfo ya zo ya cire radiyeta don a yi fenti, ko ya sauya kan famfon kicin, ya tafi abinsa, da dare gida ya ɗauki sanyi.

Wanda duk ke son gane wannan na'ura, to ya fara da sanin cewa ruwa biyu ne a cikinta. Na farko ruwan kulle ne: an ɗura shi, an rufe, yana ta kewaya tsakanin boila da radiyetocin ɗakuna shekara da shekaru, har ya yi baƙi. Na biyu ruwan kamfanin ruwa ne da ke shigowa daga titi, ya ratsa boilar, ya fita ta famfo. Inda suka fi kusantar juna shi ne cikin wasu siraran farantan ƙarfe da aka jera, wannan ruwa ta gefe guda, wancan ta ɗaya gefen, kamar maƙwabtan da katanga ta raba. Zafi na ƙetare katangar, ruwa ba ya ƙetarewa.

Gejin da ke gaban boila, mai allura da kore da ja, matsin ruwan kulle kaɗai yake aunawa. Ba ruwansa da ƙarfin shawa, ko kaɗan. Amma sai ka ji mutum ya ce ruwan wankansa ya rage ƙarfi, bari ya ƙara wa boila matsi. Ya buɗe bututun ɗuri da ake ƙara ruwan kulle ta cikinsa, allura ta haura 2, ta doshi 3, shawa na nan yadda take, shi kuma ya jawo wa kansa sabuwar matsala. Haba! Ta yaya ƙarin ruwan da ba ya fita ta famfo zai ƙara wa famfo ƙarfi? Na san inda ruɗun ya samo asali. Idan matsin ruwan kulle ya faɗi ƙasa da wajen rabin ba, wato ma'aunin matsi da geji ke nunawa, boila kan kashe kanta don kada ta ƙone, ruwan famfo ya fito da sanyi. Vaillant kan nuna F22, Ideal ta nuna F1, Baxi ta nuna E119. Mutum ya ɗura ruwa, zafi ya dawo, sai ya ɗauka geji ne ke mulkin famfo. Zafi ya dawo ne don wuta ta kama, ƙarfin ruwan kuwa daga titi yake zuwa.

Shi ma'aunin da ake kira ba, ɗaya ɗinsa daidai yake da matsin ruwan da aka ɗaga sama wajen mita 10. Wanda ya taɓa zama a gidan da ke da tanki a kan hasumiya ya san cewa tsawon hasumiyar ne ke ba famfo ƙarfi, girman tankin ba ya ƙara komai. A boila, abin da ake so shi ne allura ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan ruwa ya huce.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni a duk na'urar. Ruwa idan ya yi zafi kumbura yake yi, wajen kashi 3 cikin 100 daga sanyin famfo zuwa digiri 80, kuma ba ya matsuwa. A rufaffen bututu ina wannan ƙari zai tafi? Sai aka sa wata 'yar tukunyar ƙarfe a cikin boila, aka raba cikinta biyu da fatar roba, gefe guda ruwa, gefe guda iska. Ruwa ya kumbura ya tura robar, iska ta matsu. Ya huce, iska ta maido shi. Ba lantarki, ba waya, har bawul ɗinta irin na tayar mota ne. Idan iskar ta sace ko robar ta yage, alamar ba ta ɓuya: da sanyi allura na kan 1, a kunna ɗumama ɗaki ta yi tsalle zuwa 3, inda bawul ɗin kariya ke buɗewa ya zubar da ruwa ta wani bututun tagulla a bayan gida, da safe kuma ta kwanta a ƙasa. Nan mutane ke ta ɗaga kafet suna neman inda ruwa ke yoyo, alhali a waje yake zuba. Ɗaura leda a bakin bututun nan ka kwana. Idan ka tarar da ruwa a ciki, ka san inda matsinka ke tafiya. Kuma bawul ɗin da ya taɓa buɗewa yakan riƙe tsakuwa ya ci gaba da ɗiga.

Bayan an cire radiyeta dole matsi ya faɗi, tunda an zubar da ruwa. A ɗura, a fitar da iskar radiyetoci da ɗan makullinsu, a sake ɗurawa, a rufe makunnan bututun ɗuri duka biyu gam. Idan allura ta ɗan sauka cikin 'yan kwanaki, ragowar iska ce ke fita. Idan kuwa hawa take yi ko boila na kashe, to ko dai bututun ɗurin bai rufu ba, ko farantan nan sun huje, ruwan titi na kutsawa cikin na kulle. A tuna a mayar da maganin hana tsatsa da ya tafi tare da ruwan da aka zubar, domin sabon ruwa na shigowa da iskar da ke cin ƙarfe.

Idan geji lafiya lau amma famfo ba zafi, a koma ɓangaren ruwan titi. Boila ba ta kamawa sai ta ji ruwa na gudu da ƙarfi, lita biyu zuwa uku a minti. Babban makunnin gida da ba a buɗe duka ba bayan aiki, ko dattin da ya toshe rariyar bakin famfo ko ta mashigar boila, sun isa su hana ta tashi. Wani sa'in ma an juya bututun zafi da na sanyi ne wajen haɗa sabon famfo. Idan radiyetoci ne ke zafi lokacin da aka buɗe famfo, bawul ɗin da ke karkatar da ruwa ya maƙale, wannan kuwa aikin gwani ne.

Ɗura ruwa da fitar da iska duk mai gida na iya yi. Buɗe cikin boila kuwa sai injiniyan da ke da rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. Ka nemi ganin katinsa kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya, idan kuma gidan haya kake, ka kira mai gidan, gyaran boila haƙƙinsa ne.