KAILASA: ƊAKIN IBADAR DA AKA FARA DAGA RUFI

Kowane magini ya san daga tushe ake ɗora gini. Amma a Ellora, cikin Jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, akwai wani ɗakin ibadar Hindu da aka faro daga sama aka gangaro ƙasa. Sunansa Kailasa, shi ne na 16 cikin koguna 34 da ke wurin.

Masana tarihi suna danganta aikin ga Sarki Krishna na Ɗaya, na daular Rashtrakuta, a ƙarni na 8. Ba a ɗora dutse bisa dutse ba. Masassaƙa ne suka hau kan dutsen, suka yanka ramuka masu zurfi, suka ware wani ƙaton curi a tsakiya. Daga curin nan suka fitar da rufi, sannan ginshiƙai da ɗakuna da matakala. Aiki ne da ba ya karɓar kuskure, domin abin da guduma ta ɓalle ba ya komawa.

Baƙo yakan fara lura da jerin giwayen dutse a gindin ginin, sai ka ce su ke ɗauke da shi. A wani bangon kuma an sassaƙa Ravana yana jijjiga dutsen da Shiva ke zaune a kai, matarsa Parvati ta rungume shi don tsoro.

A 1983 Hukumar UNESCO ta sa Ellora cikin kayan tarihin duniya. Kiyaye shi ya zama wajibi, gama duk abin da ruwan damina ko hannun baƙi ya goge, ya tafi ke nan har abada.